Bidiyon Baba Dantani da Na Ce Yana Wurinmu

Na daɗe ina jujjuya wannan rubutu a raina. Sau uku ina farawa ina yagewa. Na farko na ga kamar wanke kaina nake yi. Na biyu na ga kamar ina ɗora laifi a kan mutanen da suka yi mini alheri. Na uku kuma na tsaya a kan cewa mai takardar firamare irina bai kamata ya kai rubutunsa inda masu digiri za su karanta ba. Yanzu na ajiye wannan tunanin. Shekara talatin da ɗoriya ina aiki a ɗakin karatu, kuma akwai abin da na ce wa wani bawan Allah na ajiye masa, ashe ban ajiye ba. Nemansa nake yi. Amma sai na fara bayyana yadda aikin yake, domin matasan da ake turo mana koyon aiki suna ganin zama ne a ƙarƙashin fanka, wasu kuma suna cewa tunda waya ta zo aikin ya mutu. Dukansu ba su san abin da suke faɗa ba.

Sunana Labbo. Ɗakin karatunmu wata ƙungiyar tsofaffin malamai ce ta kafa shi. Babban yana Gesse a Birnin Kebbi, akwai kuma ƙaramin reshe a Argungu. Shara aka ɗauke ni in yi. Wanda ya raba ni da tsintsiya shi ne Malam Bawa, mai kula da littattafai a lokacin, Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da ya ba ni, kwali ne na sababbin littattafan lissafi. Ya ce in duba su in buga musu hatimi. Na duba bangonsu na ga suna ƙyalli, na buga hatimi, kafin azahar na gama. Na je na tsaya a gabansa ina jiran yabo. Ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya buɗe, ya miƙo mini.

"Karanta min lambar shafin ga."

"Sittin da huɗu."

"Na gaba hwa?"

Na juya, sai ga tamanin da ɗaya. Shafi goma sha shida babu su, tun daga wurin bugawa.

Ya ce, "Labbo, wanga hatimi rantsuwa ta. In ka buga shi, ka ce ma mutane littahin ga cikakke na, kuma shina nan wurinmu. Koma ka ƙirga su duka, shafi shafi."

Kwana tara na yi a kan kwalin nan. Na samu uku masu giɓi. Tun daga ranar ban sake buga hatimi a kan littafin da ban bi shafukansa da yatsana ba, ko da Alƙur'ani bugun Madina ne.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Allura da zaren ɗinki, gam, almakashi, tsumma, hatimi da tawadarsa, tafireta mai cin harafin "a", da akwatin kati mai aljihu ashirin. Kowane littafi yana da katinsa: sunan marubuci, sunan littafi, abin da ya ƙunsa, lambar kantar da yake. In kati yana cikin akwati, littafi yana kan kanta ko yana hannun wanda muka san gidansu. Kowace Litinin da safe, kafin a buɗe ƙofa, nakan bi kantoci ɗaya bayan ɗaya ina karanta lambobi, domin littafin da aka mayar ba wurinsa ba daidai yake da wanda aka sace. Wannan zagayen na Litinin ba wanda yake ganinsa, shi ya sa suke cewa ba ma yin komai.

Masu zuwa ma iri-iri ne. Ɗalibai sai jarrabawa ta matso. Akwai wani tsohon malamin dabbobi da ke zuwa don jarida, yana karantawa yana faɗa da ita. Wanda ya fi tsaya mini shi ne wani manomi daga Zauro da ya shigo da ganyen shinkafa naɗe a takarda, ya ɗora a teburina, ya ce in nemo masa littafin da ya san wannan cutar. Na samo littafin, amma da Turanci ne mai nauyi, hotonsa kuma baƙi da fari, ba ka bambanta rawaya da ja. Ya naɗe ganyensa ya tafi. Saboda irinsa ne, da aka ce an kawo kwamfutoci kuma za a koya mana amfani da bidiyon intanet, ban ja baya ba, duk da cewa ba a sa sunana a jerin masu koyo ba.

Na je na samu shugabarmu, Hajiya Kulu. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Labbo, shekara nawa ta rage maka ka yi ritaya?"

"Hajiya, ko wata guda na, aikin ga nika yi cikinai."

Ta ƙara sunana da biro a ƙasan takardar.

Mako uku aka yi ana koyarwa a Gesse. Wata malama ce aka turo, mai haƙuri. Kusa da ni aka zaunar da Sahabi, abokin aikina, mai digiri, kuma Bakatsine, wato abokin wasana. Ranar farko ya ga yadda na damƙe linzamin kwamfuta, ya ce, "Bakabe, saki mana, ba tarwaɗa ba ce, ba za ta suɓuce ba."

Na ce, "Kai dai ji da kanka. Ku da kuka ga gulbi ku ce teku na."

Ni ban iya riƙe abu a ka ba sai na rubuta. Na ɗebo tsofaffin katuna, kowane mataki na ba shi kati guda: yadda ake kunnawa, yadda ake nema, yadda ake tsayar da bidiyo a koma baya. Na huda su na zura zare. Har yau suna rataye a jikin teburina.

A mako na biyu aka zo kan abin da malamar ta kira bukmak. Ta ce akwai shafi a intanet inda za mu buɗe wa ɗakin karatunmu wuri. Duk bidiyo ko rubutu mai amfani da muka samu, sai mu ajiye adireshinsa a can, mu liƙa masa laƙabi, kamar shinkafa, ko albasa, ko jarrabawa. Duk wanda ya danna laƙabin, ko yana Argungu ko yana Legas, zai ga abin da muka tara. Ta ga ban gane ba, ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba, kamar katin katalojinku ne. Ba bambanci."

Nan take abin ya buɗe mini. Kati na sani. Kuma a nan ne na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu, amma ban gane ba sai bayan shekara biyu. Ba na ɗora mata laifi. Na koma na duba katunana, na ga da hannuna na rubuta abin da ta faɗa: "Adireshi kawai ake ajiyewa." Na rubuta, ban fahimta ba. A wurinmu ba a yi wa littafi kati sai ya shigo gida. Don haka na ɗauka duk abin da na yi wa kati a shafin nan ya shigo gida.

Da aka gama koyarwa, Hajiya ta ce kowa ya tara adireshi, domin waɗanda suka ba da kwamfutocin za su leƙa shafin su ga ko muna aiki. A mako guda Sahabi ya tara fiye da ɗari biyu. Ni goma sha ɗaya. Shi yakan karanta sunan bidiyo, ya kalli farkonsa, ya ajiye. Ni sai na kalle shi daga farko har ƙarshe, ina rubuta abin da ke cikinsa minti minti a littafina, kamar yadda nake bin shafuka. Bidiyon minti talatin yakan ci mini awa biyu, ga intanet ɗin yana tafiya yana tsayawa. Hajiya ta kira ni ofis.

"Goma sha ɗaya, Malam Labbo? Sinima muka buɗe maka?"

"Hajiya, ban sa sunan ɗakin ga bisa abin da ban gani ba."

"To in ba ka iyawa, akwai tsintsiya."

"Na san inda take."

Ba a yi wata guda ba, ƙungiyar manoman Zauro ta zo kallo. An kafa majigi, dattawa sun cika benci, har da limaminsu. Sahabi ya danna laƙabin shinkafa ya zaɓi wani bidiyo mai suna mai kyau, yadda ake zuba taki a fadama. Minti huɗu mutumin ciki yana maganar taki. A na biyar sai ya ajiye buhu, ya ɗago wata kwalba, ya shiga tallar maganin ƙarfin maza, yana bayani dalla-dalla. Sahabi ya rasa inda ake tsayarwa. Ni na tashi na zare wayar majigin. Liman ya gyara rawani ya ce, "To, wanga takin ba na gona ba na." Dattawa suka yi ta dariya har bakin ƙofa. Da muka fita salla na ce wa Sahabi, "Bakatsine, ka ƙirga shafi." Ba a sake yi mini maganar tsintsiya ba. Na faɗi wannan ne don matasa su san cewa ajiye adireshi dannawa ɗaya ne, amma sanin abin da ka ajiye shi ne aikin.

Bayan haka aka mayar da ni reshen Argungu da kwamfuta ɗaya da sola. A can na sa kaina neman duk abin da ya shafi garuruwanmu. Yawancin abin da ke intanet game da Argungu hoton bikin kamun kifi ne, mutane sun cika ruwa da gora da homa, wato ragar kamun kifi, ana ta ihu. Ba ka ganin hannun da ya saƙa homar. Wata Laraba na ci karo da wani bidiyo. Minti arba'in da ɗaya. Wani tsoho zaune a gindin bango a Gulma, ya ɗaure bakin zare a babban yatsan ƙafarsa, yana saƙa da allurar itace, yana auna faɗin kowane ido da ɗan guntun kara. Yana saƙa yana bayani, wani mai ɗauka yana tambayarsa daga bayan waya. Ya nuna ƙullin da ba ya zamewa in raga ta jiƙe. Ya nuna yadda ake gasa sanda a wuta a lanƙwasa ta ba ta tsage ba. Na kalle shi sau biyu, na cika shafi huɗu a littafina, na ajiye shi da laƙabi biyar: Gulma, homa, saƙa, su, sana'a.

Ranar kasuwa wasu manoman Gulma suka shigo neman bidiyon ajiyar albasa. Da muka gama na ce bari in nuna muku mutumin garinku. Ina dannawa wani daga cikinsu ya miƙe.

"La ilaha illallahu! Babana na! Baba Dantani!"

Sunansa Manu, magidanci ne, yana noma yana su. Ya ce wani ɗalibi ne ya zo da rani ya kwana biyu a garin ya ɗauka, har ya tura masa a waya, amma ƙaramar waya ce, tsohon ba ya ganin komai a cikinta. Kasuwa ta zagayo sai ga shi ya goyo Baba Dantani a babur.

Na ba tsohon kujerata. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, yana kallon hannuwansa a cikin bidiyon. Can ya ce, "Kai, wanga tsoho ya san aiki. Ɗan wa na?"

Muka yi dariya. Ya ci gaba da kallo, yana gyara wa kansa magana. "A'a, nan na yi sauri. Da na nuna sau biyu." Da ya ƙare ya juyo ya dube ni.

"Malam, wa ka riƙe da shi?"

"Mu, Baba."

"Kamar littahin can?" Ya nuna kanta da haɓa.

"Kamar su. Ga katinai, ga laƙabinai. Ko jikokinka sunka zo, suna iske shi."

Ya gyaɗa kai. Manu ya ciro wayarsa ya ce, "To Malam Labbo, wayag ga ta cika, ko hoto ba ta ɗauka. Wanga bidiyo shi ad da nauyi. Tunda shina wurinku, in goge?"

Na ce, "Goge."

A gabana ya goge. Ni da ba na buga hatimi sai na ƙirga shafi, ban ce masa ya dakata in tambaya ba. Na tabbata ne, shi ya sa.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekararmu. Ruwa ya yi yawa, gulbi ya haura, fadama ta zama tafki tun daga Zauro har Gulma, shinkafar mutane ta nutse tana gab da fitar da kai. Mu ruwan bai shigo mana ta ƙofa ba, ta sama ya zo. Kwano ya ɗage a kusurwar gabas, inda littattafan addini da na tarihi suke. Ni kaɗai ne a reshen. Na kwashe kanta huɗu zuwa kan tebura. Waɗanda suka jiƙe na buɗe su kamar fanka na jera a inuwa, domin in ka sa jiƙaƙƙen littafi a rana yana kumbura ya murɗe. Tsakanin shafuka na riƙa sa tsohuwar jarida ina canzawa safe da yamma. Ina cikin wannan gara ta taso ta bango. Batirin sola ya sha ruwa ya mutu. Wata huɗu ban kunna kwamfuta ba. Da ma na mayar da zagayen Litinin har kan shafin bukmak, ina buɗe kowane adireshi in ga yana nan, ko da yake a lokacin ina yi ne don sabo, ban taɓa samun wanda ya ɓata ba. Wata huɗun nan ban yi ba. A cikinsu Baba Dantani ya rasu. Na je Gulma gaisuwa, rabin hanya a kwale-kwale.

Da aka gyara sola, ranar da na fara kunna kwamfutar, ban ko zauna sosai ba sai ga Manu da wata mata mai shekaru. Ya ce yayarsa ce, Altine. Aure ya kai ta Nijar, ta yi shekaru ba ta zo gida ba, ruwa kuma ya hana ta zuwa jana'iza. Sai yanzu ta iso.

"Na ce mata ta zo ta ga Baba shina magana," in ji Manu.

Na ba ta kujera. Na danna laƙabin Gulma. Sunan bidiyon ya fito, da bayanin da na rubuta a ƙasansa. Na danna. Gilashin ya yi baƙi, da ɗan rubutu a tsakiya cewa babu wannan bidiyon. Na ɗauka intanet ne. Na kashe na kunna. Na buɗe wani bidiyon ya yi. Na dawo kan wannan, baƙi. Na kira Sahabi a waya na karanta masa rubutun. Bai yi mini wasa ba ranar.

Ya ce, "Wanda ya ɗora shi ya cire, ko an rufe wurinsa. Ka sauke shi ka ajiye?"

"Na yi mai bukmak."

"Malam Labbo, bukmak kwatancen gida ne. In mai gida ya tashi, ya tashi."

Na ajiye wayar. Manu ya ji komai.

"Malam Labbo, kai kac ce in goge."

"Ni nac ce."

"Gaban Baba."

"Gabanai."

Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya fita ya tsaya wajen babur. Altine ba ta motsa ba. Ta dubi baƙin gilashin, sannan ta ce, "Malam, kai ka gan shi ai. Hwaɗa min abin da kag gani."

Na ɗauko littafina na karanta mata shafi huɗun nan. Minti na uku, ya ɗaure zare a yatsan ƙafar dama. Minti na sha ɗaya, akuya ta ja zaren, ya jefe ta da takalmi. Minti na ashirin da shida, ya ce ƙullin nan a wurin kawunsa ya koya, shi kuma kawun ba ya koya wa mai hannun hagu. Minti na talatin da takwas, ya yi tari, ya nemi ruwa, ya ce wa mai ɗauka ya yanke wurin, ba a yanke ba. Da na zo kan akuya ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Da na gama ta ce, "Shi na. Allah shi saka." Ta roƙi in kwafe mata, na kwafe. Amma takarda ba murya ba ce, kuma ba takarda na yi wa tsohon alkawari ba. Manu har yau muna gaisawa a kasuwa. Bai sake shigowa ɗakin karatu ba.

Bayan wata biyu Hajiya Kulu ta aiko da umarni. Baƙi za su zo duba aiki, don haka a share duk adireshin da ya mutu daga shafinmu. Na bi nawa ɗaya bayan ɗaya. Bakwai sun mutu. Shida na share, domin akwai irinsu a wani wuri. Na bakwai na bar shi. Ta zo Argungu da kanta, da Sahabi a bayanta.

"Malam Labbo, akwai guda da ya rage."

"Na sani, Hajiya."

"Baƙo ya danna ya ga baƙi, mi za mu ce?"

"Mu ce mun ɓatar, muna nema."

"Ba mu munka ɓatar ba. Mai abu ya ɗauke abinai."

"Ni nac ce ma mai shi shina wurinmu. Da rigar aikin ga nac ce."

Na tuna mata abin da ita ma ta sani, domin a hannun Malam Bawa ta fara. In littafi ya ɓata ba a cire katinsa daga akwati. Fensir ake sawa a rubuta a kusurwa, "Ya ɓata, ana nema." Ranar da ka cire katin, ranar ka daina nema, kuma wanda zai zo bayanka ba zai san an taɓa yin littafin ba. Ta ce wancan zamanin kati ne, ya wuce. Na ce ai an ce mana ba bambanci. Ta juya ta ce wa Sahabi ya zauna ya share. Sahabi ya dubi kujerar, ya dube ni, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, wallahi na manta lambar sirrin reshen nan."

Shi ya saita mini ita da hannunsa. Ta san haka, ni ma na sani. Ta ɗauki jakarta. Washegari takardar tuhuma ta iso, ta farko a duk shekarun aikina, cewa in bayyana dalilin ƙin bin umarni. Na amsa da layi uku, na sa hannu. An saka ta a fayil ɗina, tana nan. Adireshin ma yana nan. Na ƙara masa laƙabi na shida, "ana nema", na kuma kwafe shafi huɗun nan a ƙasansa don duk wanda ya danna ya san abin da ya kamata ya gani. Baƙin sun zo sun tafi. Ban san ko sun danna ba, kuma ban damu ba.

Yanzu na iya saukewa. Sahabi ya koya mini, kati shida ya ci. Duk bidiyon da ya shafi mutanenmu, nakan rubuta wa wanda ya ɗora in nemi izini, in ya yarda in sauke, in sa a filash biyu, ɗaya a Argungu ɗaya a Gesse, kuma kowace Litinin sai na buɗe su na gani. Masu koyon aiki suna cewa na cika wahalar da kaina. Wata ta ce mini intanet ba ya mantuwa. Na zaunar da ita na danna mata laƙabin Gulma. Duk wanda aka turo mini, abin da nake fara nuna masa ke nan, kafin kanta, kafin hatimi. In ya ga baƙin gilashin sai in ce masa ni na yi, ba wani ba, kuma na yi ne bayan shekara talatin ina aikin da yake ganin sauƙinsa.

Nema kuwa na yi iyakar inda ƙafata take kaiwa. Na je Gulma sau uku. Mutanen garin suna tuna ɗalibin amma "ɗan makaranta" kawai suke kiransa. Na bi masu tura fina-finai a waya a kasuwar Argungu da ta Birnin Kebbi rumfa rumfa. Na rubuta wa makarantu biyu, ɗaya ta amsa cewa ba ta da labari. Sunan da ya ɗora bidiyon da shi haruffa ne da lambobi, ba sunan mutum ba. Ana ce mini in haƙura, abu ya wuce. Ban yarda ba. A ƙasan bidiyon na ga an kalle shi sau da yawa, kuma mutanenmu ba sa kallon abu mai kyau su bar shi a intanet, saukewa suke yi su tura wa 'yan'uwa. Yana cikin wayar wani, ko a tsohon memori a aljihun wata riga.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. Bidiyon minti arba'in da ɗaya ne. Tsoho ne siriri mai farin gemu, da hula baƙa da riga shuɗiya marar hannu, zaune a kan buhu a gindin bangon ƙasa, da gora biyu a gefensa. Mai ɗaukar ba a ganin fuskarsa, amma Hausarsa ta gabas ce, kuma yana yawan cewa "to madalla, Baba". Ya kwana a gidan wani malamin firamare a Gulma da rani. In kai ne, ba zarginka nake yi ba, abinka ne, kwafi ɗaya nake roƙo. In ka san shi, ka gaya masa. In kana da bidiyon, ko rabinsa, ko minti biyu da wani ya yanko, ko muryar kawai ba hoto, kada ka goge. Ka kawo wayar ɗakin karatunmu na Argungu ka ce Labbo kake nema, ko ka ba direban motar Gulma saƙo, duk sun san ni. Altine ta ce za ta sake zuwa bayan girbin shinkafa, kuma na ce mata ta biyo.